Abincin cikin jirgin sama: daga guzurin ayarin Damargu zuwa farantin kujerun gaba

Wanda duk ya taɓa kwana a tsakar gida da rani a Tanut, ko a Belbeji, ko a wani mashekarin makiyaya a wajajen Tenhiya, ya san wata ƴar wuta da ke ƙyaftawa a sama cikin dare, tana tafiya daga arewa zuwa kudu. Yara sukan nuna ta da yatsa, tsofaffi su ce jirgi ne. Lalle jirgi ne. Daga Turai ya taso, ya nufi Abuja, ko Legas, ko wani birni na kudancin Afirka. Tsakaninsa da ƙasa ya kai kilomita 10 ko 11. Kilomita wajen 150 ɗin nan da ke tsakanin Tanut da Damagaram, waɗanda motar haya ke kwashe awowi tana fama da su, shi minti goma ya ishe shi.

A cikin wannan ƴar wuta akwai mutum 200 ko 300, kuma sau da yawa a daidai wannan lokaci abinci su ke ci. Na baya suna ci a ƙaramin faranti na roba, gwiwa na gugar gwiwa. Na gaba, waɗanda labule ya raba su da sauran, an shimfiɗa musu farin ƙyalle, ana kawo musu abinci kashi-kashi a tangaran.

Wani zai ce, ina ruwan biri da gada? Jirgin fasinja ba ya sauka Tanut, ba ya sauka Belbeji. To, amma ruwanmu ya kai uku. Na farko, kowace shekara ƴaƴan Damargu suna shiga jirgi zuwa aikin hajji, mafi yawansu ba su taɓa shiga ba. Na biyu, wasu daga cikin kujerun gaban nan da kuɗin baitulmali a ke biyansu, wato da lanhon talaka. Na uku, abincin jirgi kasuwa ce babba, mu kuwa masu hatsi ne da dabbobi. Saboda haka ya kamata mu san yadda abin ya ke.

Damargu ta daɗe tana ciyar da matafiyi

Tun kafin a san mota, balle jirgi, Damargu ce rumbun Abzin. Ayarin Abzinawa da ke ɗauko gishiri da dabino daga Balma da Fashi, a nan su ke sauke kaya su auni hatsi. Fataken da ke bin hanyar Kano zuwa Agadas, har Gat da Tarabulus, su ma nan su ke cika taikunansu kafin su fuskanci sahara. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya ratsa Damargu tare da ayarin gishiri a watan Janairu na 1851, kuma a Tagelel ne ya rabu da abokan tafiyarsa, kowa ya kama hanyarsa.

Mene ne guzurin mutanen ayari? Garin hatsi ne da cuku da dabino, a daka su tare, in an yi zango a dama da ruwa a sha. Sai busasshen nama ga mai hali. Kakanninmu ba su zaɓi waɗannan abubuwa da ka ba. Abincin tafiya dole ya cika sharaɗi uku: kada ya lalace, kada ya yi nauyi, kuma ya riƙe ciki. Madugun da ya yi sake da guzuri ya kashe mutanensa.

Waɗannan sharuɗɗa uku su ne har gobe ke hana masu kamfanonin jirgi barci. Kowane kilo da jirgi ya ɗauka, mai ya ke sha. Abincin da ya lalace a sama kuwa, babu likitar da za a ruga. Ashe aikin da a ke yi a manyan filayen jirgin sama, jikan aikin da matan Damargu suka yi wa ayari ne.

Yadda abin ya faro

A ranar 11 ga Oktoba 1919 ne aka fara ba fasinja abinci cikin jirgi, a wani jirgin da ke tashi daga Landan. Burodi ne da ƴaƴan itace a cikin ƙaramin kwali, kuma saya a ke yi, sule uku. A 1930 wani kamfani na Amurka ya ɗauki wata mace mai suna Ellen Church aikin kula da fasinja. Ita ce mace ta farko a wannan sana'a, kuma ma'aikaciyar jinya ce. An zaɓi masu jinya ne domin jiragen lokacin ƙasa-ƙasa su ke tafiya, iska na jijjiga su, mutane na amai suna tsorata. A 1936 aka gina ɗakin girki na farko domin jirage kaɗai, a Oakland ta Amurka.

A wancan zamani babu gaba babu baya, domin duk wanda ya shiga jirgi mai kuɗi ne. Sai a 1952 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta yarda a buɗe aji mai sauƙin kuɗi tsakanin Turai da Amurka. A 1958 aka ƙara buɗe wani mai araha fiye da shi, aka kuma sa doka cewa mutanen wannan aji burodi mai ɗan haɗi kawai za a ba su. Kamfanin ƙasashen arewacin Turai, SAS, ya riƙa cika nasa burodin da nama da kayan daɗi, har abokan gasarsa suka kai ƙara gaban ƙungiyar. Tun daga nan aka gane cewa da abinci a ke farautar fasinja.

Ajin da ke tsakiya, wanda ma'aikatanmu ke ce wa “kilas afer”, wato ajin ƴan kasuwa, ya bayyana ne a ƙarshen shekarun 1970. Kamfanin Qantas na Ostireliya ya buɗe nasa a 1979. A shekara ta 2000 kamfanin British Airways ya sa wa wannan aji kujerar da ke miƙewa ta zama gado. Yau kamfanoni da yawa sun soke aji na ɗaya a jiragensu, ajin ƴan kasuwa ya gaji wurinsa. A wasu jirage kuma an ƙirƙiro wani aji tsakanin na ƴan kasuwa da na gama-gari, mai ɗan faɗin kujera da ɗan kyautatuwar abinci.

Ina a ke dafa shi?

Mutane da yawa suna tsammanin akwai murhu cikin jirgi. Babu. A ƙasa a ke girki, a wasu manyan ɗakuna kusa da filin jirgi, awowi da dama kafin tashi. Da an sauke tukunya, sai a sa abincin cikin na'urar da ke sanyaya shi da gaggawa, har ya sauka ƙasa da digiri 5. A cikin wannan sanyi a ke rarraba shi a faranti, a jera cikin akwatunan ƙarfe masu ƙafa, a kai jirgi a motar sanyi. Bayan an tashi sama, masu hidima su ɗumama shi a tanda mai lantarki, kamar minti 20. Wasu kamfanoni wannan ne kaɗai aikinsu, kamar Servair da Air France ta kafa a 1971, wanda ya buɗe ɗakunan girki a filayen jirgi da dama na Afirka. A Dubai, ɗakin girkin kamfanin Emirates yakan fitar da abinci fiye da 200,000 a rana ɗaya.

Me ya sa a ke wannan tsanani game da sanyi? Domin an ga abin da sakaci ya jawo. A watan Fabrairu na 1975, wani jirgin Japan da ya taso daga Tokyo ya sauka Kopenhagen da mutum kusan 200 suna amai da zawo. Da aka bincika, sai aka tarar wani mai girki yana da miki a yatsa, kuma an bar abincin ya daɗe ba cikin isasshen sanyi ba. Allah ya sa matuƙan jirgin wani abinci daban suka ci. A 1992 kuma, cutar kwalara ta kama fasinja fiye da 70 na wani jirgi da ya bi ta Lima zuwa Los Angeles, ɗaya ya rasu. Shi ya sa kamfanoni da yawa ba su yarda matuƙi da mataimakinsa su ci abinci iri ɗaya ba. Wannan darasi bai tsaya ga jirgi ba. Ya shafi mai sayar da abinci a tashar Tanut, ya shafi uwargida ranar suna: hannu mai miki ba ya taɓa abincin jama'a, kuma dafaffen abincin da ya wuni cikin zafi abin tsoro ne.

Akwai kuma dalilin da ya sa abincin jirgi ke yi wa mutum salam a baki. Iskar cikin jirgi daidai ta ke da ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, kamar mutum ya hau ƙololuwar Bagazan. Ga ta busasshiya kamar ta tsakiyar hunturu. Hanci ya bushe, harshe ya dakushe. Wani bincike da cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta yi wa kamfanin Lufthansa a 2010 ya nuna cewa jin gishiri yana raguwa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, jin zaƙi ma yana raguwa. Saboda haka masu girki ke ƙara gishiri da yaji, su yawaita miya don kada nama ya bushe. Mai hawan jini ya lura da wannan.

Abin da ke bayan labule

Mai kujerar gaba, tun daga ƙasa a ke fara yi masa hidima. Layinsa daban, ɗakin jiransa daban, kayansa sun fi na kowa kilo. Da ya zauna, a miƙo masa abin sha da ɗan tawul mai ɗumi na goge hannu, a ba shi takardar da aka jera abincin ranar ya zaɓa. Sai a fara da abin buɗe ciki, a kawo babban abinci, nama ko kifi ko kaza, a biyo da cuku, da kayan zaƙi, da shayi ko gahawa. Cokulansa na ƙarfe ne, kofinsa na gilashi. A dogon zango, kamfanin Turkish Airlines har mai girki ya ke sawa cikin jirgi da farar hularsa. Mai hidima ɗaya a gaba mutane kaɗan ya ke kula da su, alhali a baya ɗaya na fama da mutum 40 ko 50.

Duk wannan ba kyauta ba ne. Kuɗin kujerar gaba yakan ninka na baya sau uku ko huɗu, wani lokaci fiye. Kuma kada a ɗauka abincin ne ya ci kuɗin. Wuri ne a ke saya, domin inda kujerar gado ɗaya ta zauna, kujerun baya uku ko fiye za su shiga. Daga waɗannan kujeru kaɗan ne kamfanoni ke samun babban rabo na ribarsu. Abinci da fara'a, ƙugiya ce ta kama mai biya.

Attajirin da ya sayi wannan kujera da guminsa, babu mai ce masa don me. Maganar tana canzawa ne idan kuɗin na jama'a ne.

Darasin Air Afrique

Dattawan ma'aikatanmu ba su manta da Air Afrique ba. A ranar 28 ga Maris 1961 ƙasashe 11 suka sa hannu a Yawunde suka kafa shi, Nijar tana cikinsu. Cibiyarsa tana Abijan, shugabansa na farko Cheikh Fall ne, mutumin Senegal. Abin alfahari ne a lokacin: jirgi namu, matuƙa da masu hidima ƴaƴan Afirka, da mujallarsa ta cikin jirgi mai suna Balafon. Shi ya haɗa Yamai da Paris da Dakar da Abijan, ya kuma yi jigilar alhazai. A cikin gida kuwa Air Niger, wanda aka kafa a 1966, shi ke zuwa Tawa da Maraɗi da Damagaram da Agadas.

To, ina Air Afrique yau? A watan Janairu na 2002 jiragensa suka daina tashi, a cikin shekarar kuma kotu ta rufe shi. Dalilan suna da yawa. An sayi jirage da bashi, faɗuwar darajar kuɗin sefa a Janairu 1994 ta ninka bashin, masu bin bashi suka ƙwace wasu jirage a 1998. A ƙarshe ma'aikata sun fi 4,000, jirage ba su kai 10 ba. Amma akwai wani dalili da ya kamata mu riƙe: gwamnatocin da ke da kamfanin sun riƙa ɗaukar tikiti don ma'aikatansu ba su biya a kan lokaci. An zauna gaba, an ci, an sha, takardun bashi suka taru a ofisoshi. Kowa ya ɗauka kayan gwamnati ne, ba na kowa ba. Da haka aka cinye saniyar da a ke tatsa.

Wasu shugabanni sun ga wannan ɓarna sun taka mata birki. Thomas Sankara, a Burkina Faso tsakanin 1983 da 1987, ya hana manyan gwamnati tikitin aji na ɗaya. A Tanzaniya, a Nuwamba 2015, shugaba John Magufuli ya taƙaita tafiye-tafiyen ma'aikata zuwa waje, ya kuma keɓe aji na ɗaya ga shugabanni ƙalilan. Nijeriya ta hana ma'aikatanta aji na ɗaya a 2016, a 2024 kuma ta dakatar da tafiye-tafiyen waje da kuɗin gwamnati na wata uku.

Bari mu yi lissafi irin na ɗan makarantar yaƙi da jahilci. Bambancin kuɗi tsakanin kujerar gaba da ta baya, zuwa Turai da dawowa, yakan wuce miliyan ɗaya na sefa. Mu ɗauka buhun hatsi mai kilo 100 ya kai jika 30. Miliyan ɗaya buhu 33 ke nan, wato kilo 3,300. Idan mutumin ƙauye yana bukatar kilo 250 a shekara, wannan cimakar mutum 13 ce ta shekara guda. Mutanen Damargu, waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984, suka ga yunwar 2005, sun san ma'anar buhu 33. Tafiyar Yamai zuwa Turai kuwa awa biyar ce zuwa shida, kuma na gaba da na baya lokaci ɗaya su ke sauka.

Ba mu ce kada ma'aikaci ya yi tafiya ba. Ƙasa ba ta zama ba tare da wakilai ba. Akwai dattijo, akwai marar lafiya, akwai wanda zai kwana biyu a hanya ya sauka ya shiga taro kai tsaye. Abin da hankali ke so shi ne ƙa'ida rubutacciya wadda kowa ya sani: wane ne ya cancanci kujerar gaba, a tafiyar awa nawa, kuma wa ya sa hannu. Wanda ya so ƙari a kan ƙa'ida, ya cika da aljihunsa. Kuma tikitin da aka ɗauka a biya shi, don kada kamfanonin da mu ke da su yanzu, ko waɗanda za mu kafa gobe, su bi sawun na jiya.

Masu hidima ba barori ba ne

Wasu fasinja, musamman na gaba, suna ɗaukar masu hidimar jirgi kamar yaran gida. Kuskure ne. Raba abinci ƙaramin aikinsu ne. Babban aikinsu tsaron rai. Dokar ƙasashe da yawa ta ce a sa mai hidima aƙalla ɗaya ga kowace kujera 50. Ba a yarda da sabon samfurin babban jirgi ba sai an gwada an ga za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90, rabin ƙofofi a rufe. An koya musu kashe gobara, da taimakon wanda numfashinsa ya tsaya, har da karɓar haihuwa. Kuma abin da ya sami fasinja, su ma ya same su. Ranar 19 ga Satumba 1989, da bam ya tarwatsa jirgin UTA a kan Tenere, arewa maso gabas da Damargu, cikin mutum 170 da suka rasu, 14 ma'aikatan jirgin ne. Idan yarinyar da ta kai ƴar cikinka ta ce maka, “Baba, a ɗaura ɗamara,” umarni ne, a bi.

Ga maniyyatan Damargu

Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, ta Cadi da Sudan, shekaru suka yi a hanya, suna noma suna ƙwadago don samun guzuri, wasu ba su dawo ba. Yau tafiyar awa biyar ce ko shida. Kujerun da Saudiyya ta ware wa Nijar a 2023 da 2024 sun kai 15,891 kowace shekara, kuɗin kujera kuwa ya wuce miliyan 3. Manomin Gangara ko makiyayin Tarka da ya biya wannan, shanu ya sayar, ko amfanin damina da yawa ya tara. Ko daga Damagaram ya tashi, ko daga Yamai, ya cancanci a girmama shi kamar kowane mai kujerar gaba. Ga abin da ya kamata ya sani.

Abinci da ruwan da za a kawo maka cikin jirgin alhazai suna cikin kuɗin da ka riga ka biya. Kada kunya ko tsoron biya su sa ka ƙi karɓa. Ka yawaita shan ruwa, domin iskar jirgi tana busar da jiki.

Mai ciwon sukari ko hawan jini ya riƙe maganinsa a ƴar jakar hannu, kada ya sa shi cikin babban kaya. Ya kuma gaya wa jagoran tawagarsu tun da wuri.

Tun 2006 aka hana shiga jirgi da abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu. Damammiyar fura da nono da man shanu za a karɓe su a ƙofa. Risho da gas da fetur kuwa haramun ne ko a cikin babban kaya.

Kada a zuba ruwa a ƙasan makewayin jirgi da sunan alwala, domin akwai wayoyin lantarki a ƙarƙashi. A yi alwala kafin shiga, a kuma tambayi malamai hukuncin taimama da sallar matafiyi. Idan jirgin Jidda ya nufa kai tsaye, a shirya harami tun daga ƙasa, a saurari sanarwar miƙati.

Wanda zai yi wata tafiya da ba ta hajji ba, a jirgin da ba na ƙasar Musulmi ba, yana da ikon neman abincin halal. A takardun kamfanoni ana rubuta shi MOML, na masu ciwon sukari kuma DBML. Ana nema ne wurin sayen tikiti, kwana ɗaya ko biyu kafin tashi, ba a ƙara ko dala. A jiragen da a ke raba giya, musamman a gaba, a tambayi abin da ke cikin kofi kafin a karɓa. Mai zuwa Turai kuma ya sani, ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi shigo da nama da kayan nono, saboda haka tsarabar kilishi da cuku a hannun duwan za ta ƙare.

Me zai hana namu ya hau sama?

Kamfanonin da suka san ciwon kansu, da abincin ƙasarsu su ke tallar ƙasarsu. Ethiopian Airlines yana ba mutanen gaba injera, wainar Habashawa, da gahawar ƙasar. Kamfanonin Larabawa suna tarbar baƙo da dabino da gahawa. Baƙon da ya ɗanɗana a sama, in ya sauka sai ya nema a kasuwa.

Mu ma ba mu rasa abin nunawa ba. Hukumar OAPI mai kare haƙƙin sana'a da ƙirƙira, wadda cibiyarta ke Yawunde, ta yi rajistar kilishin Nijar da albasar Galmi, ta yadda wani ba zai sayar da nasa da sunanmu ba. Kilishi kuwa kamar don jirgi aka yi shi: ba nauyi, ba ya saurin lalacewa, yajinsa na tada harshen da ya dakushe. Haka cuku, haka garin fura. Amma har yanzu yawancin dabbobin Bakin Birji da Tanut da Belbeji da ransu su ke tsallaka iyaka zuwa kasuwanni irin su Maigatari da Mai'aduwa. Ribar yanka da ta fata da ta sarrafawa, wasu ke ci.

Sai dai mu gaya wa juna gaskiya, mai sayen abincin jirgi ba ya ciniki da “Allah ya kawo kasuwa”. Yana son a kawo masa adadi ɗaya, mai kyau ɗaya, kowane mako, rani da damina. Yana son dabbar da likitan dabbobi ya duba kafin yanka da bayansa. Yana son naman da aka shanya a rufe, inda ƙuda da ƙura ba su kai ba, a ɗaure cikin leda mai hatimi, da ranar yi da ranar ƙarewa a rubuce. Mahauci ɗaya ko mace ɗaya ba za su iya ba. Ƙungiyar mahauta da ƙungiyar mata masu cuku za su iya, idan hukumomin kiwo da na ciniki suka tsaya musu da horo da mayanka mai tsabta da wutar lantarki. A nan ne waɗanda suka yi yaƙi da jahilci ke da babban aiki, domin ƙungiya ba ta tafiya sai da mai rubuta kilo, da kwanan wata, da kuɗin shiga da na fita.

Kuma ba sai an fara da Paris ba. A fara da jiragen cikin gida da ke sauka Damagaram, wadda aka gyara filinta domin bikin 18 ga Disamba na 2018. A fara da jiragen alhazai, inda kusan mutum 16,000 ke tafiya su dawo. Hukumar COHO mai shirya hajji da umra tana iya sa wannan magana a teburi lokacin da ta ke ƙulla yarjejeniya da kamfanoni. Kayan da ya cika sharaɗin jirgi kuwa, ya cika na otel da na manyan kantuna, a gida da waje.

Ƴan'uwa, ƙasar da ta ciyar da ayari shekaru ɗaruruwa ba ta rasa sanin guzuri ba. Ma'aikaci ya tuna da buhu 33 kafin ya sa hannu a takardar tafiya. Alhaji ya san haƙƙinsa, ya kuma bi doka. Mahauci da mai cuku su haɗa kai su gyara sana'a. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Amin.